Yadda ake sauraron ƙasa da guduma kafin a ɗora mata bene

Ƙasar Maraɗi iri biyu ce, kuma duk maginin da ya daɗe yana haƙa tushe a garin nan ya san haka ba sai injiniya ya faɗa masa ba. Akwai ta tudu, jigawa mai yashi, inda gari ya hauro bayan ambaliyar 1945 ta cinye tsohuwar Maraɗi da ke kwance a kwarin Gulbi. Akwai ta fadama, laka da rairayin da ruwa ya yi ta jibgewa shekara da shekaru, inda in ka haƙa kaɗan da damina ruwa ya tarye ka. Sai kuma wata ta uku da masu sayar da fili ba sa son a ambata: tsofaffin kududdufai da aka cike da shara da ɓaraguzai, aka baje yashi a sama, aka yanka aka sayar.

Diga da shebur iyakarsu mita biyu ko uku. Bene mai hawa biyar kuwa, ko shaton ruwa, ko gada, abin da ke ƙarƙashinsu har mita 30 ya shafe su. Hanyar da zan bayyana tana kawo labarin wannan zurfin ba tare da an haƙa ko taki ɗaya ba. Ana jera na'urorin saurare a ƙasa, a doka guduma, a auna gudun girgizar da ta bi ta saman ƙasa. Masu sana'ar suna kiran hanyar MASW, wato nazarin girgizar saman ƙasa da na'urori masu yawa. A jihar Kansas ta Amurka aka tsara ta, Park da Miller da Xia suka fitar da bayaninta a 1999, sun kuwa ɗora ne a kan wata tsohuwar hanya mai na'ura biyu kacal da Stokoe da Nazarian suka yi aiki a kanta a jami'ar Texas a farkon shekarun 1980.

Wani Alhaji da ya kira mu filinsa ya tsaya yana kallon yara suna warware waya, can ya ce, "Injiniya, ni fa tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin ƙasa ta motsa a Maraɗi ba. Kuɗin nan ba asara ba ce?" Na ce, "Gaskiyarka, Alhaji, ni ma ban taɓa ji ba." Nijar ba ta cikin ƙasashen da girgizar ƙasa ta addaba, kuma duk wanda ya tsorata ka da ita don ya sami aiki bai kyauta ba. Sai dai Afirka ta Yamma ba a rubuta mata takardar tsira ba. An yi a Akara a 1939, an yi a arewa maso yammacin Gini a Disamban 1983 har ɗaruruwan mutane suka rasu, a Kwoi ta kudancin Kaduna ƙasa ta motsa a 2016, a Mpape ta Abuja ta motsa a Satumban 2018. Abin da ya fi wannan duka shi ne darasin birnin Meksiko. Ranar 19 ga Satumba 1985 girgiza ta tashi a bakin teku, fiye da kilomita 350 daga birnin, wato ya fi nisan Maraɗi zuwa Damagaram nesa ba kusa ba. Unguwannin da ke kan dutse suka ji kaɗan. Waɗanda aka gina a kan lakar tsohon tafki kuwa, girgizar ta ninka kusan sau biyar a ƙarƙashinsu, benaye masu hawa 6 zuwa 15 suka yi ta zubewa. Girgiza ɗaya, gari ɗaya, ƙasa ce ta raba.

Dalilin da ya fi shafar mu yau da gobe shi ne, adadin da ake nema don girgizar ƙasa, wato gudun girgiza a cikin ƙasar, shi ne dai yake nuna taurin ƙasar da laushinta, shi yake tona asirin kududdufin da aka rufe. Manyan ayyuka kuma da ake zana su bisa ƙa'idar gini ta Turai, ta takwas, wadda ta shafi girgizar ƙasa, ba a rufe takardarsu sai an rubuta ajin ƙasar.

Abin da gudumar ke tayarwa

In ka doki ƙasa, igiyar girgiza iri uku ke tashi. Ta farko tura ƙasa take yi gaba, kamar yadda ƙara ke tafiya a iska, ita ce igiyar P, ta fi sauran sauri. Ta biyu karkaɗa ƙasa take gefe da gefe, igiyar S, ita ce abin nemanmu, domin ruwa ba ya ɗaukarta, labarin da take kawowa na ƙwayoyin ƙasar ne kansu da yadda suka riƙe juna. Igiyar P da ta shiga ƙasa mai ruwa sai ta ari gudun ruwan, wajen mita 1500 a sakan, ko da taɓo ne zalla, ka zaci dutse ka tarar. Ta uku ba ta nutsewa, saman ƙasa take bi tana mirginawa. Sunanta igiyar Rayleigh, sunan masanin Ingila da ya fitar da lissafinta a 1885. Wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfin dukanka a cikinta yake tafiya, gudunta kuma yana daf da na igiyar S, kusan kashi 92 cikin ɗari. Shi ya sa ita ake kamawa, daga gare ta a ciro gudun S.

Duka ɗaya yana fitar da igiyoyi gajeru da dogaye a tare. Gajera kamar hauya take, sama kawai take karta. Doguwa kamar garmar shanu, tana nutsewa. Idan ƙasar sama taushi ce ta ƙasa kuma tauri, gajerun za su yi ta jan ƙafa, dogayen su wuce su. Wannan rarrabuwar ita ce aikin gaba ɗaya. Tsawon igiya kuwa lissafinsa gudu a raba da yawan kaɗawa a sakan, wanda ake rubutawa Hz. Igiya mai kaɗawa 40 a sakan da ke gudun mita 160 tsawonta mita 4, labarin mita biyun sama take da shi. Mai kaɗawa 5 da ke gudun mita 300 tsawonta mita 60, tana leƙawa har wajen mita 20 zuwa 30. Riƙe wannan a kai: zurfin da kake gani bai wuce rabin tsawon igiya mafi tsawo da ka kama da kyau ba.

Kafin ranar aiki

Fara da mutane. Kai takarda ofishin magajin gari, ka gaida mai unguwa, ka faɗa masa abin da za a yi da bakin da kowa zai gane. A halin da ake ciki yanzu, baƙin wayoyi da akwati mai fitila a bayan gari ba abin da ake shimfiɗawa ba ne ba tare da hukuma ta sani ba. In ba ka yi bayani ba, kafin azahar labari ya zagaya cewa an ga zinariya a filin wane.

Sannan nemi mai haƙa rijiya na yankin, ko masu foraj, ka zauna da su da littafi. A gaba nawa suke fita daga yashi? Ina suke tarar da laka, ina tsakuwa, ina marmara? A gaba nawa ruwa yake, da rani da kuma damina? Gaba guda ka ƙiyasta ta kusan mita 1.8. Wannan hirar ta rabin awa, ina faɗa maka, ta fi wani sashe na lissafin da za ka yi daga baya daraja, kuma zan dawo kan dalili.

Zaɓi layi miƙaƙƙe a wuri mai lebur, a kan inda ginin zai zauna. Lissafin duka ya ɗauka cewa ƙasar shimfiɗa-shimfiɗa ce kwance, kamar tabarmi a kan juna. Don haka kada layinka ya ƙetare bakin kwari, kada ya sauko daga tudu zuwa fadama, kada rabinsa ya hau ciko rabi a ƙasar asali. In kana zargin ciko, yi layi biyu, ɗaya a kai ɗaya a gefe, bambancinsu shi ne amsarka. Nisanci katanga doguwa, rami, masai da bututun ruwa da aka binne, domin suna mayar da igiya baya ta gauraya da mai zuwa.

Kayan ba su da yawa: na'urar saurare 24, wato jiyofon, wanda yaran da muke aiki tare suke ce wa kunne, ni ma haka zan kira shi, wayar da ke haɗa su, akwatin naɗa mai ƙofa 24, kwamfuta, batirin mota, guduma mai kilo 8 zuwa 10 da ɗan makunnin da ake ɗaure mata a ƙota don ya sanar da akwati lokacin duka, farantin ƙarfe mai kauri, igiyar awo. Kunnuwan su zama na tsaye masu 4.5 Hz. Waɗanda ake amfani da su wajen wasu awon, masu 14 ko 28, ba sa jin dogayen igiyoyi, ka ga kuwa zurfi ya tafi.

Shimfiɗa layi

Ja igiyar awo, ka sa alama kowace mita 2. Kunne 24 a wannan tazara ya ba ka layin mita 46. In mita goman sama ce damuwarka, kamar wajen neman ciko, rage tazarar zuwa mita 1, layi ya zama 23. In da hali yi duka biyun a wuri ɗaya, ba ya cin fiye da awa guda ƙari.

A nan jigawar Maraɗi take cin wanda bai saba ba. Yashin sama sako-sako ne, in ka soka ƙusar kunne a cikinsa kawai, kunnen zai yi ta rawarsa dabam da ta ƙasa. Share yashin da ƙafa ko hauya har ka kai inda ya ɗan kama, kamar taki guda, ka soka ƙusar ta shige duka, ka danna da diddige, ka tabbata yana tsaye cak bai karkace ba. Ka mayar da ɗan yashi ka rufe shi. Da hunturu, in iska na kaɗawa, bi wayar ka danne ta da yashi nan da can, domin waya mai lilo ƙara take aika wa akwati. A fadama da rani matsalar wata ce: laka ta bushe ta tsattsage, kunnen da ka soka a kan ɓawon da ya rabu da sauran ƙasa ba abin da zai ji daidai. Ɓare ɓawon tukuna.

Haɗa waya, kunna akwati, sa yaro ya bi layi yana ɗan taɓa ƙasa kusa da kowane kunne da yatsa, kai kana kallon allo. Wanda bai motsa ba a gyara shi yanzu. Kwamfuta kuma a nema mata inuwa, zafin watan Afirilu yana kashe ta ana tsakar aiki. Mu dai mukan fara bayan asuba mu tashi kafin rana ta take.

Saita akwati ya ɗauki awo sau 1000 a sakan, ya naɗa na tsawon sakan 2. A ƙasa mai tauri sakan 1 ya isa, amma a taɓon fadama igiya tana jan jiki, in ka gajarta za ka yanke mata wutsiya. Kashe duk wata matatar da ke zubar da ƙananan kaɗawa, su ne dukiyar da ka fito nema.

Dukan

Kada a doka a gindin kunne na farko. Igiyar Rayleigh tana buƙatar ɗan fili kafin ta daidaita, in ka matsa kusa sai dogayen igiyoyi su nuna gudun da bai kai nasu na gaskiya ba. In ka yi nisa da yawa kuma gajerun su mutu kafin su kai ƙarshen layi. Tun da ba ka san wanne nisa ya dace da wannan ƙasar ba, yi uku: mita 5, mita 10, mita 20 daga kunne na farko, a miƙe da layin. Ka koma ɗaya bakin ka maimaita ukun. Idan abin da ka samu daga gabas ya saɓa da na yamma sosai, ƙasar ba kwance take ba, sai ka sake tunanin layin.

A kowane wuri share yashi, ka zaunar da faranti ya kwanta daram. Mai guduma ya ɗaga ya sake ta da nauyinta ta sauka a tsakiya, kada ya bar ta ta yi tsalle ta sake dira, duka biyu a jere yana ɓata hoton. A yi biyar, akwati yana tara su a kan juna, siginar gaskiya tana ƙaruwa hayaniya tana raguwa. Duba kowane duka kafin ka karɓa. Bayan duka biyu ko uku faranti yakan nutse ya karkace a yashi, a ɗaga shi a gyara.

Lokacin duka kowa ya tsaya cik. Kabu-kabu in ya taho a jira ya wuce, amalanke ma haka, awaki a kore su nesa. Injin niƙa shi ne babban abokin gaba, shi da janareto da famfon lambu, domin kaɗawarsu ɗaya ce ba ta yankewa, sai ta zana layi a tsaye a hotonka. Je ka roƙi mai injin ya kashe na minti ashirin, ka ba shi na goro, ya fi maka sauƙi a kan goge ɓarnar a kwamfuta.

Gaskiyar da masu tallar na'ura ba sa faɗa ita ce, guduma ba ta cika haifar da igiya mai ƙarfi a ƙasa da 8 ko 10 Hz ba. Ma'ana, sau da yawa iyakar ganinka mita 15 zuwa 20. Don kaiwa 30 sai ka ari ƙarfin wasu. Ajiye guduma, ka karya layin ya zama kusurwa kamar harafin L, ko ka jera kunnuwan a da'ira in fili ya ba ka, ka bar akwati yana naɗa hayaniyar gari na minti 20 zuwa 30. Manyan motocin da ke bin hanyar Yamai zuwa Damagaram, ko masu gangarawa Ɗan Isa da kaya, su ne gudumar da ba ka biya ba, nauyinsu yana tayar da dogayen igiyoyi. Abin da ya dame ka ɗazu yanzu shi kake addu'ar ya wuce. Dalilin karya layin shi ne ba ka san ta ina girgizar za ta ɓullo ba, kuma igiyar da ta zo wa miƙaƙƙen layi a karkace takan nuna gudun da ya fi nata. Tushen wannan sauraron tsohon aiki ne, Keiiti Aki na Japan ya kafa shi tun 1957.

Kafin ka naɗe waya, rubuta kwanan wata, wurin kowane bakin layi da GPS, tazara, nisan duka, da zurfin ruwa a rijiya mafi kusa a ranar. Ƙirga kunnuwa su cika 24 kafin mota ta tashi.

Hoton rarrabuwa, inda ake cin riba ko a faɗi

A gida ka zuba abin da ka naɗo a manhaja. Geopsy kyauta ce, akwai kuma na kuɗi irin su SurfSeis da SeisImager. Ka shigar da wurin kowane kunne da wurin duka daidai, kuskuren mita guda a nan yana bin lissafin har ƙarshe. Manhajar za ta fitar da hoto mai launi: a kwance yawan kaɗawa, a tsaye gudu, inda ƙarfi ya taru ya yi ja. A ƙasa mai ladabi za ka ga jan zare guda ya taso daga sama ta hagu, inda dogayen igiyoyi suke da sauri, ya gangaro dama ya kwanta. Wannan ita ce uwar igiya. Aikinka ka bi ta da ɗigo-ɗigo.

Sai dai uwar tana da ƴaƴa. Ƙasa ɗaya tana iya kaɗawa ta salo fiye da ɗaya a lokaci guda, ƴaƴan suna bayyana a saman uwar, sun fi ta gudu, wani lokaci ma sun fi ta ja. Manhaja in ka bar ta ta zaɓa da kanta, inda ya fi ja take bi, sai ta yi tsalle daga uwa zuwa ɗa ba ta ce maka komai ba. Sakamakon shi ne ƙasa ta fito da tauri fiye da yadda take, kuskuren da ke cutarwa ke nan, domin wanda ya rage wa ƙasa daraja siminti kawai ya ɓata, wanda ya ƙara mata kuwa mutane ya sa a ciki. Akwai kuma wani zare miƙaƙƙe da kan fito a wajen mita 340 zuwa 350 a sakan, ba ya hawa ba ya sauka. Wannan ƙarar gudumar ce da ta biyo iska, ba ruwansa da ƙasa, kada ka ɗiga a kansa.

Na taɓa faɗawa ramin nan da kaina. Wani fili ne a wajen gari mai marmara a sama, guduma tana dira tana ƙara kamar an doki ƙarfe. Hoto ya fito da ja mai kyau a sama, na bi shi, lissafi ya ba ni ƙasa mai tauri tun daga sama har ƙasa, na yi murna. Da na koma ɗaukar wani awo sai na tarar da wani dattijo mai haƙa rijiya a inuwar bedi, na ce, "Baba, in kun fasa marmarar nan me kuke tararwa?" Ya ce, "Ɗana, ai ba ta fi gaba guda da rabi ba. Ƙarƙashinta yashi ne mai zuba, in ba ka bi shi da siminti ba ya rufe ka." Na dawo na buɗe hoton, na rage ƙarfin launi, sai ga uwar igiya can ƙasa, dishi-dishi, na tsallake ta. Tauri a kan taushi haka yake yi, yana kai ƙarfin ga ƴaƴa ya bar uwa a duhu. Tun daga ranar ba na ɗiga ko ɗigo ɗaya sai littafin hirar rijiya yana buɗe a gefena.

Dabarar ita ce ka jera hotunan duka shida, uku na kowane baki, ka ɗauki abin da suka yarda a kai kawai. Ka yanke ɗigon a iyakoki biyu: kada ka amince da igiyar da ta gaza ninki biyu na tazarar kunnuwa, kada kuma ka amince da wadda ta zarce tsawon layinka. Inda jan ya baje ya zama gajimare ta hagu, nan ganinka ya ƙare, ko da zuciya tana so ka ƙara. Daga nan ka ɗora na sauraron hayaniya. Dole zaren guduma da na hayaniya su haɗu a tsakiya su bi juna na ɗan lokaci. In ba su haɗu ba, ɗayansu ɗa ne ba uwa ba.

Komawa daga zare zuwa shimfiɗu

Yanzu kana da gudu a kan yawan kaɗawa, abin da kake so kuwa gudu ne a kan zurfi. Manhaja tana yin wannan da gwaji: ta ƙago ƙasa mai shimfiɗu, ta lissafa zaren da irin wannan ƙasa za ta bayar, ta gwada da naka, ta gyara, sau dubbai. Kai ne kake ba ta iyaka. Fara da shimfiɗa uku ko huɗu a kan gindi mai tauri. Goma sha biyar tana ba da zane mai ban sha'awa, amma bayanan da ke hannunka ba su kai su riƙe ta ba. Nauyin ƙasa sa tan 1.7 zuwa 2 a kowace mita kubik, wato mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, kuskure kaɗan a nan ba ya ɓarna. Zurfin ruwa kuwa ka sa shi daidai, kuma ƙasa da shi ka ba igiyar P aƙalla 1500.

Abin da ya kamata ka sani shi ne amsar ba ɗaya ba ce. Shimfiɗa siririya mai taushi sosai da mai kauri mai ɗan taushi suna iya ba da zare kusan iri ɗaya. Manhaja ba ta iya raba su, rijiya tana iyawa. In mai foraj ya ce laka ta ƙare a mita 12, kafa iyakar a nan ka bar manhaja ta nemi gudu kawai. Kada ka ɗauki amsa guda da ta fi dacewa ka yar da sauran, duba ɗari mafi kusa ka ga inda suka haɗu da inda suka watse.

Adadin ƙarshe shi ne Vs30, matsakaicin gudun igiyar S a mita 30 na sama. Ba tara gudu ake yi a raba ba, lokaci ake tarawa. Ga misali na koyo: mita 4 masu gudun 160, mita 8 masu 240, mita 18 masu 480. Raba kowane kauri da gudunsa: 0.025, da 0.0333, da 0.0375, jimla sakan 0.0958. Raba 30 da wannan, ka sami 313. Wanda ya ninka kauri da gudu ya raba da 30 zai sami 373, kuma wannan ɗan bambanci ya isa ya canza aji. A ƙa'idar Turai, aji A dutse ne, sama da 800. B daga 360 zuwa 800. C daga 180 zuwa 360. D ƙasa da 180. Akwai E, wato taushi mai kaurin mita 5 zuwa 20 zaune kai tsaye a kan dutse, wanda ya kamata a kula da shi can kudu wajen iyaka inda dutsen gindi ya matso sama. Ƙasar misalinmu C ce, mai lissafin ganganci ya mai da ita B. In adadinka ya faɗo daf da iyaka, kamar 365, ni dai aji mafi taushi nake rubutawa in bayyana dalili.

In kana da na'ura mai ji ta fuska uku, wato tsaye ɗaya da kwance biyu, ajiye ta ita kaɗai ta rabin awa ka kwatanta motsin kwance da na tsaye, hanyar da Nakamura ya yaɗa a 1989. Tana nuna kaɗawar da ƙasar ta fi so, wadda kusan ita ce gudun S a raba da ninki huɗu na kaurin taushin. Taushi mai mita 25 da gudun 200 ya ba da 2 Hz. Bene kuma, a ƙiyasin gaggawa, kowane hawa yana ƙara kashi ɗaya cikin goma na sakan a lilonsa, mai hawa biyar rabin sakan ke nan, wato shi ma 2 Hz. Ƙasa da gini sun zama kiɗa da rawa, irin abin da ya faru a Meksiko, inda lakar take lilo kusan sau ɗaya a sakan biyu.

Akwai abin da awon nan ba ya faɗa, kuma ka gaya wa mai aiki tun kafin ya biya. Ba ya ba da nauyin da tushe zai ɗauka kai tsaye, taurin da yake aunawa na motsi ne ƙanƙani. Ba ya nuna yashin da ke tsaye lafiya da rani ya zauna farat ɗaya in ruwa ya jiƙa shi, ko lakar da ke kumbura da damina ta tsage da bazara, waɗanda su ne suke tsaga mana gidaje a nan. Ba ya ganin shimfiɗa siririya a can zurfi. A fadama, inda yashi sako-sako yake cike da ruwa, gudun da ya gaza 200 alama ce ta ƙasar da girgiza mai ƙarfi ke iya narkarwa, kamar yadda ta kwantar da benaye a Niigata ta Japan a 1964, amma alama ce kawai, sai an tabbatar da gwajin soke, wato soka sandar ƙarfe a ƙasa a auna taurinta. Don haka ko rami ɗaya ne a haƙa, a ɗebi ƙasa a kai ɗakin gwaji. Amfanin gudumar shi ne ta nuna maka inda ya fi cancanta a haƙa shi.

A rahoto sa hoton rarrabuwa da ɗigonka a kai, don wani ya iya duba ko uwa ka bi. Sa zurfin da ka gani da gaske, in mita 22 ce ka rubuta 22, ka faɗi cewa sauran takwas ɗin ƙiyasi ne. Sa watan da aka yi awon da zurfin ruwa a ranar. Filin da ke kusa da Gulbi kuwa, in an auna shi a watan Maris, a bar turaku biyu na ƙarfe a bakunan layin, a dawo a sake shimfiɗa waya a kansu a ƙarshen Agusta.